Hoton dusar ƙanƙara da ya fito toka-toka

Malam, ka ce ka baro Kaduna zuwa Kanada, ka ɗauki hoton dusar ƙanƙarar farko, sai ya fito toka-toka kamar hazon hunturunmu. Kyamarar ce take ganin farin ya yi yawa, sai ta rage haske da kanta. Ka ƙara ma'aunin hasken kyamarar, wato saitin da ake ƙara ko rage hasken hoto da shi (exposure compensation), zuwa +1 ko +2. Ka fita da sassafe kafin sawun mutane ya ɓata filin, ka ajiye wani batir a aljihun ciki, domin sanyi yana cinye caji. Kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, ka ɗaure kyamarar cikin leda, don kada ta yi gumi. Idan danshi ya riga ya shiga gilashin, mai gyara za ka kai wa, kada ka kwance da kanka.