Ku Tambayi Baba: In sayar da fadamar gado in tafi Saudiyya?

Assalamu alaikum Baba. Shekarata 27, daga wani ƙauye nake kusa da Argungu. Bana na ga tashin hankali. A watan Satumba ruwa ya shanye mana shinkafa saura mako uku a yanka. Da kwalekwale muka shiga gona muna lalube a ƙarƙashin ruwa, abin da muka fitar bai kai buhu huɗu ba, shi ma rabi ya yi baƙi. Bayan wata biyu mahaifinmu ya rasu, ya bar ni da Inna da ƙannena mata uku da bashin taki. Yanzu wani ejan a Kano ya ce zai yi mini bizar Umra, in na isa in zauna in nemi aiki. Kuɗin ba za su haɗu ba sai na sayar da fadamarmu. Ina son tashi bayan ƙaramar salla. Me ka gani?
Daga ɗanka, manomi a ƙasar Argungu.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashinsa. Da na zo wurin kwalekwalen nan sai da na ajiye takardarka na yi shiru, domin a bakin fadama na tashi, na san warin shinkafar da ta kwana goma cikin ruwa, yadda yake bin mutum har shimfiɗarsa. In gulbin Rima ya cika aka buɗe madatsar Goronyo, ku na ƙasa ku ke karɓar ruwan. Ga man fetur, wanda kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, ƙarshen 2024 ta haura dubu, alhali injin ban-ruwa ba ya jin lallashi. Saboda haka ban ga laifinka ba da zuciyarka ta yi waje. Kabawa ba yau suka fara tafiya ba, kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja.

Amma fadamar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Gado ce. Sai an biya bashin mamaci kafin a raba komai, sannan Inna tana da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, ƙannenka kowace da rabonta, namiji kashi biyu mace ɗaya. In ka sayar kafin a raba, hakkin marayu ka zuba a kuɗin jirgi. Ko da sun ce sun yafe, yarinyar da idonta bai bushe da kukan uba ba, kunyar yayanta ce za ta sa ta ce to. Kuma ka duba garinku da kyau: wa ka sani da ya sayar da fadama ya dawo ya fanshe ta?

Sai maganar bizar. Ta Umra ta ibada ce, ba ta ba mutum izinin aiki, kuma tana da wa'adi. Ranar da wa'adin ya cika ka zama wanda hukuma ke nema. Ba ka da igama, wato katin zama, don haka asibiti da banki da hayar ɗaki duk sai ka raɓa da wani. Wanda ya sa ka aiki ya hana ka kuɗinka, ba inda za ka kai ƙara.

Ɗan yayata haka ya tafi. Shekara biyu yana dako a Jidda, yana kwana da mutum takwas a ɗaki guda, in an ji motar 'yan sanda kowa ya watse. Aka kama shi da rana tsaka yana tura baro, aka kai shi Shumaisi, wurin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, tsakanin Jidda da Makka. Ni na tarye shi a filin jirgin Kano. Silifas ne a ƙafarsa, hannunsa leda ɗaya mai riga biyu, kuɗin da ya tara suna can wurin wani da har yau wayarsa ba ta shiga. An ɗauki hoton yatsunsa, an hana shi komawa na shekaru. Muna mota har Gusau bai ce uffan ba, sai can ya tambaye ni ko wanda ya sayi gonarsu zai yarda ya ba shi aro. Ba na so in ji wannan tambayar daga bakinka.

In tafiyar ce dai a ranka, akwai ƙofarta. Fasfo ka yi da kanka a ofishin shige da fice na Birnin Kebbi, da lambarka ta NIN, kada ka ba kowa ya yi maka. Tun Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne. Bizar aiki kuwa daga can take fitowa, da sunan wanda zai ɗauke ka, wanda suke kira kafili. Ka ga takardar yarjejeniya da idonka, ka kai wa malamin da ya iya Larabci ya karanta maka albashi da irin aikin da shekarun. Ka nemi ganin lasisin ejan daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya fara kame-kame, tashi ka ba shi wuri. Ka kuma sani sassaucin da Saudiyya ta yi a 2021 na sauya ubangida bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, kuma can aka fi tura irinku. Ranar tashi ko ƙullin yaji kada ka karɓar wa wani, don safarar ƙwaya a can hukuncinta na kai wa ga kisa.

Ni dai abin da zan so, ka ɗaga tafiyar nan zuwa baɗi. Rani na gabanku, kuma shinkafar rani ruwa ba ya cin ta. In kuɗin mai ne suka gagara, ka ba wani mai hali rabin fadamar haya na rani ɗaya a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta, ka noma sauran da kuɗin hayar. Mai bashin taki ka same shi tare da baffanka, ku roƙi ya jira girbi.

Kafin duk wannan, yau bayan isha'i ka zauna da Inna, ka faɗa mata maganar ejan ɗin nan tun daga farko, har da batun sayar da gonar. Ka rubuto mini abin da ta ce.