Sayen mota ta intanet ba tare da an tuƙa ta ba: abin da waya za ta iya da abin da ba za ta iya ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wata mota ta hannu a wani shafin sayar da motoci, hotunanta sun yi kyau, kuɗinta kuma da sauƙi. Mai ita yana nesa da ni, ba halin in je in tuƙa ta, ga shi yana cewa in tura kafin alƙalami don akwai masu so. Akwai yadda zan bincike ta da wayata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka tura komai tukuna. Maganar "akwai masu so" tsohuwar dabara ce ta sa mutum gaggawa, kuma a irin wannan gaggawar ake yin cinikin biri a sama.

Waya za ta iya nuna maka ko motar tana nan da gaske, da irin abin da ya taɓa samunta. Amma ba za ta ji maka ko giya na fizga idan inji ya ɗau zafi ba, ko sitiyari na ja gefe guda. Wannan sai wanda ya zauna a kujerar direba.

Fara da hotunan. Sa su a Google Lens, manhajar da ke bincike da hoto, ka nema. Idan hoton ya fito a wani shafi da sunan wani mai sayarwa daban, magana ta ƙare.

Sai ka nemi lambar jikin motar, wadda ake kira VIN. Tun 1981 aka daidaita ta, haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Mai motar ya ɗauko maka hoton duka biyun, da wadda ke cikin takardun motar. Dole su zo ɗaya. Hukumar NHTSA ta Amurka tana da shafi na kyauta da zai fassara maka lambar, ka ga kamfani da shekara da irin inji. Idan motar ta taɓa zama a Amurka ko Kanada, Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton tarihinta: hatsari, ambaliya, da adadin tafiyar da aka rubuta mata a lokuta daban-daban. Motar da rahoto ya nuna ta fi tafiya shekaru uku da suka wuce a kan abin da allonta ke nunawa yau, an mayar mata da mita baya ke nan.

Abin da mutane kan manta shi ne rubuta lambar kai tsaye a Google. Motocin da kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu ta Copart ko IAA, sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan a wasu shafuka. Sai ka ga motar da ke sheƙi a talla, ga ta can gabanta a murƙushe, jakar iska a fashe tana reto daga sitiyari. Sai dai rahoto mai tsabta ba shaida ba ce, don gyaran da aka yi a ɓoye ba ya shiga kowane kundi.

Daga nan kiran bidiyo kai tsaye, ba bidiyon da ya riga ya ɗauka ba. Ku yi shi kafin a tayar da motar ranar, domin inji mai sanyi ne ke tona asiri. Ya murza makulli ba tare da ya tayar ba: duk fitilun gargaɗi su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Idan fitilar inji ko ta jakar iska ba ta kama ba tun farko, wataƙila an kashe ta ne da gangan. Ya kai kyamara bakin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji na shan baƙin mai ne. Ya ɗaga kafet, ya nuna ramin tayar safaya da ƙarafan ƙasan kujeru, nan laka da tsatsar ambaliya ke ɓuya. Mai gaskiya ba ya gajiya da wannan.

Tambaya: Dillali ya turo min hoton na'urar gwajin mota, ta nuna babu matsala ko ɗaya. Wannan ya isa?

Amsa: Bai isa ba. Na'urar tana shiga wata kafa ce da ke ƙasan sitiyari, OBD-II, wadda ta zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Kwamfutar motar tana ajiye lambobin matsala, amma danna maɓalli ɗaya ke goge su, fitilar ta mutu, matsalar kuma tana nan daram.

Gogewar tana barin sawu. Bayan an goge, gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta suna komawa "ba a kammala ba" har sai an yi tafiya mai ɗan tsawo, kuma motoci da yawa suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner suna karanta wannan ta ƙaramar na'ura mai Bluetooth. Idan ka ga kilomita 5 kacal, ka tambayi abin da aka goge.

Ni dai shawarata, nemo makaniki a garin da motar take, wanda kai ka zaɓa kuma kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya tuƙa ta har ta yi zafi, ya hau babban titi da ita, ya taka birki da ƙarfi, ya leƙa ƙarƙashinta. Mai motar da ya ƙi yarda da haka, ka bar masa kayarsa.

Tambaya: To yaya mutane suke sayen mota ta intanet hankali kwance a wasu ƙasashe?

Amsa: Saboda suna da damar mayarwa. Carvana, kamfanin sayar da motoci ta intanet a Amurka, yana ba mai saye kwana 7 ya dawo da mota in ba ta yi masa ba. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta ba da kwana 14 ga wanda ya sayi kaya daga nesa a hannun ɗan kasuwa, amma ba ta shafi ciniki tsakanin mutum da mutum ba. Wato suna tuƙa motar, bayan biya ne kawai. Idan mai sayarwa ya yi maka irin wannan alkawari, ya zama a rubuce, har da wanda zai biya kuɗin dakon mayarwa.

Ka kuma yi hattara da saƙon da ke cewa wani kamfani zai riƙe kuɗinka amana sai mota ta iso. 'Yan damfara sun daɗe suna kwaikwayon sunan eBay, shafin saye da sayarwa ta intanet, da irinsa a wannan. Kada ka bi adireshin da aka turo maka, rubuta na kamfanin da hannunka ka duba. Wanda kuma ya ce a biya shi da katin kyauta ko kuɗin kirifto, toshe lambarsa.