Kare Ɗan Jagora: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Wasiƙu uku ne suka haɗu a kan magana ɗaya a wannan watan, dukkansu daga cikin garin Maradi, don haka na jera su wuri guda. Na taƙaita tambayoyin, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasa ganinsa shekara huɗu ke nan sakamakon hawan jinin ido, kuma ɗana mai shekara tara ne yake riƙe masa sanda zuwa masallaci da kasuwa, abin da ya sa yaron yake yawan fashin makaranta. Ƙanena da ke zaune a arewacin Faransa ya karɓi riƙon wani kwikwiyo daga wata ƙungiya mai horar da karnuka don jagorancin makafi, yana ta aiko mana da hotuna, har yana cewa mu yi ƙoƙari a samo wa Baba irinsa. Mene ne gaskiyar wannan aiki, wa yake ɗaukar nauyinsa, kuma zai yiwu a nan? *Wata uwa, unguwar Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma yi wa yaron albarka. Aikin da ƙanenki ya shiga ya haura shekara ɗari da kafuwa. An buɗe makarantar farko ta horar da irin waɗannan karnuka a garin Oldenburg na Jamus a 1916, domin sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko babu idanu. Amurka ta bi sahu a 1929, Ingila ta horar da karnukanta huɗu na farko a 1931, a Faransa kuwa wani mutum mai suna Paul Corteville ne ya soma a shekarun 1950, a yankin Roubaix, wato can arewacin da ƙanenki yake zaune. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu tana da ƙungiyarta a Johannesburg tun 1953. Daga baya aikin ya faɗaɗa har ya kai ga karnukan da ke sanar da kurma cewa ana buga ƙofa, da waɗanda ke ɗauko wa mai keken guragu abin da ya faɗi ƙasa.

Abin da hotunan ba za su nuna miki ba shi ne yawan hannayen da kare ɗaya yake ratsawa kafin ya isa wurin makaho. Kalmar da kika yi amfani da ita, riƙo, ita ce daidai, domin abin ya yi kama da yadda ake kai yaro gidan gwaggonsa ta rene shi alhali ta san ba nata ba ne. Ƙungiyar ce take zaɓen uwa da uban da za a haɗa, galibi daga nau'in Labrador ko wani mai sanyin hali irinsa. Idan kwikwiyo ya kai wajen wata biyu sai a miƙa shi ga wani gida na masu sa kai, ya zauna da su kimanin shekara guda. A nan ne zai koyi zaman gida, ya saba da ƙarar motoci da cunkoson jama'a, ya shiga kantuna da jirgin ƙasa, ya koyi ganin abinci a ƙasa ba tare da ya kai baki ba. Masu riƙon ba a biyan su albashi, kuma ranar da za su mayar da shi akan sha hawaye. Bayan haka ne ƙwararru za su karɓe shi su yi watanni suna koya masa ainihin aikin: tsayawa a bakin titi, kauce wa rami, lura da reshen da zai bugi kan mai shi ko da shi karen zai wuce ta ƙarƙashinsa lafiya lau. Darasi mafi wuya shi ne ƙin bin umarni idan akwai haɗari, wato a ce masa ya tsallaka, shi kuma ya kafe saboda ya ga mota tafe. Karnuka da yawa ba sa cin wannan jarrabawa, sai a ba da su ga iyalai su zama na gida kawai.

Mutane sukan ɗauka karen ne ya san gari. Makahon ne yake riƙe da taswirar hanya a kansa, shi yake sauraren motoci ya yanke shawarar lokacin tsallakawa, karen kuma ya tabbatar an bi ta inda babu cikas. Saboda haka makarantun suke son mutum ya riga ya iya tafiya shi kaɗai da farar sanda kafin a haɗa shi da kare.

Batun kuɗi kuwa, ƙungiyoyin Faransa suna ƙiyasta cewa kare ɗaya yana cin kimanin yuro 25,000, wanda ya haura sefa miliyan 16, amma kyauta ake ba makaho shi. Gudummawar jama'a ce take biya: wani ya ware ɗan abu kowane wata, wani ya bar wasiyya daga dukiyarsa, wani kamfani ya ɗauki nauyin kwikwiyo guda. Ƙungiyoyin kuma ba sa zama a ofis suna jira. Suna buɗe ƙofofinsu ga baƙi a wasu ranaku, suna zagaya makarantun yara da karnukan, suna zama da direbobin tasi da masu gidajen abinci don su fahimci cewa doka ta ba karen jagora izinin shiga inda mai shi zai shiga.

Yanzu ga ra'ayina game da Baba, kuma zan faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba: kada ku sa ransa a kan wannan kare. Makarantun suna ba mazauna yankinsu ne, saboda malamin da ya haɗa su yana ci gaba da bibiyarsu tsawon shekara takwas ko fiye da karen zai yi yana aiki, kuma babu mai zuwa daga Faransa ya duba su a Zariya. Ko da an kawo shi, ki dubi hanyar da Baba yake bi zuwa babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a. An horar da karen a kan titi mai gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, mai baki da zai tsaya a kai, mu kuwa yashi ne ya haɗe da kwalta, ga kabu-kabu da adaidaita suna fitowa ta kowace kusurwa, ga magudanan ruwa a buɗe. Ki haɗa da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ɗan Adam balle na kare mai kaurin gashi, da karnukan unguwa da za su far masa, da yaran da suka tashi da jifan duk karen da suka gani.

Damuwarki ta gaskiya ita ce yaron, kuma wannan tana da magani a kusa. Ku nemi reshen ƙungiyar makafi ta ƙasa ku tambayi wanda zai koya wa Baba tafiya da farar sanda, domin hanyar masallacin unguwa, wadda ya shekara da shekaru yana bi da idonsa, ba za ta gagare shi ba in an koya masa. Tafiyar kasuwa kuma manya su raba ta a tsakaninsu, a bar yaro ya zauna aji. Ƙanenki da yake da niyyar taimako zai iya sayen sandar ya kuma ɗauki nauyin mai koyarwar da abin da bai kai kuɗin jirgin kare ba. Sannan tunda hawan jinin ido yana bin dangi kuma yana cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, ke da ƴan'uwanki ku je a auna idanunku.

Tambaya: Malam, na ji ana yabon wannan aiki a rediyo. To ina matsayin hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, kuma yaya mutum zai yi salla da tufafin da kare ya shafa? *Wani mai karantarwa a makarantar allo, Mokoyo.*

Amsa: Allah ya gafarta Malam, kai ne a gaba a wannan fage, ni tunatarwa kawai zan yi. Hadisin da ka ambata ingantacce ne, kuma shi da kansa ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, wanda ke nuna cewa horar da kare don amfanin mutum abu ne da shari'a ta sani. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kan waɗannan uku, kuma ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da kuke karantarwa a zaure, ya ajiye kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. In gadin gida ya zama uzuri, a ganina idon makaho ya fi cancanta.

Game da tufafi, mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bin umarni ne na ibada. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, shi ya sa za ka ji maganar ta bambanta daga bakin wanda ya yi karatu a wani wuri. A 2008 Musulmin garin Leicester na Ingila sun fuskanci wannan tambaya a aikace, game da wani matashi makaho, kuma bayan fatawar majalisar malamansu sai aka keɓe wa karensa wurin kwanciya a mashigar masallaci, shi ya shiga sahu, karen ya jira shi a waje da wurin salla. Hukuncin wani mutum takamaimai kuwa na bar muku, ku malamai.

Tambaya: Mu matasa ne goma sha biyu a fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, muna da ɗan asusu da muke zubawa kowane mako. Muna sha'awar kafa ƙungiya irin wannan a Maradi, ko da da karnukanmu na gida ne, tunda mafarautanmu sun iya horar da su. Ta ina za mu fara? *Shugaban wata fada, Bagalam.*

Amsa: Samari, sannunku da wannan tunani, kuma kun yi gaskiya cewa ba a rasa masu sanin kare a ƙasar nan. Duk wanda ya ga yadda mafarauci yake kiran nasa da suna su fito daga nesa, ko yadda Buzaye suke ji da karnukan Azawak, ya san haka. Sai dai an zaɓi karen farauta ne saboda yana zabura da zarar abu ya gilma, karen jagora kuwa ana son wanda zomo zai ratsa gabansa bai ko waiwaya ba. Kuskure guda a nan ran mutum ne a bakin mota, don haka kada ku gwada a kan kowane makaho abin da ba ƙwararre ne ya horar ba.

Amma rabin aikin waɗancan ƙungiyoyi ba ya buƙatar kare ko ɗaya, kuma shi ne rabin da asusunku zai iya ɗauka. Ku soma da zuwa gaishe da sarkin makafi da shugabannin ƙungiyarsu ku tambaye su abin da ya fi damunsu, domin an sha kawo musu taimakon da ba su nema ba. Ku bi mai unguwa a rufe ramuka da magudanan da ke kan hanyar masallaci da ta asibiti. Ku zauna da ƴan kabu-kabu a tasharsu ku bayyana musu cewa farar sanda alama ce ta a rage gudu, kuma ranar 15 ga Oktoba, wadda aka ware wa farar sanda a duniya, dama ce ta neman fili a gidajen rediyon gari. Ku ƙirga yaran unguwarku da jagoranci ya hana su karatu, ku raba ranaku a tsakaninku kuna karɓar su, tunda ku goma sha biyu ne kuma babu wanda abin zai yi wa nauyi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, saboda haka idan kuka je ofishin magajin gari da wannan magana, haƙƙi kuke tunatarwa.

In kuma zuciyarku tana kan karnukan ne, akwai aikin da yake jiranku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Tsoron da mutanenmu suke yi wa kare yana da tushe a nan, kuma ba zai ragu ba muddin karnukan unguwa suna yawo babu rigakafi. Ku haɗa kai da ma'aikatan kiwon dabbobi a shirya ranar allura, ku fara da mafarauta da masu gadi, ku kuma koya wa iyaye cewa wanda kare ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 sannan a garzaya da shi asibiti a ranar, ba a jira a ga ko karen zai haukace ba. Ranar 28 ga Satumba ce aka ware wa yaƙi da wannan ciwo, kuma in kun soma shiri tun yanzu za ku iya cim mata. Ku rubuto mini bayan kun gana da sarkin makafi, ina son jin abin da ya sa a gaba.