Wahalar lissafi kaɗai ba ta tsare zaɓe

Ka tambaye ni wai in muka ɗauki tsarin ƙirga ƙuri'a wanda lissafin yi masa maguɗi ke ba kwamfuta wuya, shi ke nan mun toshe ƙofa? A'a yarona, tsaya ka ji.

Masana biyu, Gibbard a 1973, sai Satterthwaite a 1975, sun nuna cewa muddin 'yan takara sun kai uku, kowa na iya ci, kuma ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba, to akwai yanayin da mai jefa ƙuri'a zai ci riba in ya ɓoye ainihin yadda zai jera 'yan takara daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe. Shi ne a 1989 Bartholdi da Tovey da Trick suka ce to tunda hanawa ba ta yiwuwa, a sa gano hanyar maguɗin ya ci wa kwamfuta lokaci mai yawa, kuma a 1991 Bartholdi da Orlin suka tabbatar yi wa STV maguɗi, wato tsarin da mai zaɓe ke jera 'yan takara kuma ƙuri'arsa ke iya komawa ga na gaba a jerinsa, wanda ake amfani da shi a Malta da majalisar dattawan Ostareliya, yana cikin matsaloli masu tsaurin NP, wato waɗanda ba a san wata hanya mai sauri da kwamfuta za ta warware su ba in sun yi girma. Dalili kuwa a STV ana ƙirga ne zagaye-zagaye, ana fitar da ɗan takarar da ya zo na ƙarshe a raba ƙuri'unsa, in ka sauya jerinka sai wanda zai fita ya sauya, zagayen gaba ma duk ya rikice.

Amma a nan ne samari ke ruɗewa, tsaurin NP magana ce kan mafi munin yanayi, kuma sai 'yan takara sun yi yawa sosai. In su 4 ne, jeri 24 kacal gare ka. In 10 ne, 3,628,800, kwamfutar da ke gabanka za ta gwada su duka kafin ka gama gyara zama. Tsarin Borda ma, inda ake ba ɗan takara maki gwargwadon matsayinsa a jerin kowane mai zaɓe, an nuna a 2011 cewa lissafin maguɗin haɗin bakin mutum biyu yana da tsauri, amma dabara mai sauƙi, ka ɗora ɗan takararka a sama ka jefa babban abokin hamayya ƙasa, sau da yawa tana aiki.

Kuma fa mai maguɗi ba ƙuri'arsa kaɗai yake da ita ba, akwai ƙara 'yan takara ko cire su, akwai sayen masu zaɓe, kowanne lissafinsa daban. Abin da na fi dogara da shi wallahi shi ne sirrin ƙuri'a, don duk lissafin nan ana ɗauka ne mutum ya san abin da sauran suka jefa.

Don haka kafin ka sake kawo min tsari, ka rubuta manhajar kai masa hari da hannunka, ka gwada ta da 'yan takara 5 zuwa 15, ka zo min da lokacin da ta ɗauka.