Ɗiban ruwan baya a asibiti yana karya azumi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, matata ce kwana biyu tana fama da zazzaɓi da ciwon kai, wuyanta ya sage, likita ya ce yana zargin sanƙarau sai an ɗebi ruwa a bayanta. Ita kuma ta ce sai bayan shan ruwa kar azuminta ya karye, kuma tana tsoro wai allurar tana shanye ƙafa. Meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ɗan'uwa kar ku jira magariba. Sanƙarau ciwo ne mai gaggawa, a ƴan awoyi yana iya kashe mutum ko ya kurmantar da shi, mai irin wannan ciwon ma Allah ya ɗauke mata azumin a Suratul Baƙara aya ta 185, ta sha, ta rama in ta warke.

Shi kansa ɗiban ruwan ba ya karya azumi, fitarwa ake ba shigarwa ba, kuma ba ci ba ne ba sha ba. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho yana azumi, malamanmu na Malikiyya ba su karhanta ƙaho ba sai in ana tsoron ya raunana mai azumi. Allurar kashe zafin da ake fara yi a fata ita ma ba ta kai ciki, Majalisar Fiƙihu ta Jidda a 1997 ta ce allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi.

Batun tsoro kuwa ka zauna kusa da ita ka faɗa mata abin da za ta ji. Za a kwantar da ita a gefe ta haɗe gwiwa da ƙirji, za ta ji sanyin maganin da ake goge wurin da shi, sai ɗan raɗaɗi kamar cizon cinnaka, daga nan sai nauyi kamar ana danna bayan da yatsa. Wasu sukan ji abu kamar lantarki ya zarce ƙafa, ta gaya wa likita kawai, yana wucewa. Allurar a ƙugu take shiga, ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, don haka kar ta ji tsoron shanyewar ƙafa, kuma abin da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, jiki na mayar da shi cikin awoyi.

Buɗe bayan larura ce, a nemi likita mace in akwai, in babu, namiji ya yi, a rufe sauran jiki kana wurin ko ma'aikaciyar jinya. In ciwon kai ya biyo baya wanda ke tsananta in ta miƙe, ta yi sallarta a kwance kamar yadda Annabi ya umarci Imrana bin Husaini.

Wallahu a'alam.