Tambaya da Amsa: Me Zan Tanada Kafin Mu Fita Lokeshan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, sashen koyon aikin jarida. An ba mu aikin gajeren fim na minti 8, kuma ni ce furodusa. Za mu yi kwana biyu muna ɗauka a wani ƙauye kusa da Kano cikin watan Afrilu, mu goma sha biyu. Sashenmu zai ara mana kyamara ɗaya da ƙafarta. Kuɗinmu kaɗan ne. Abokan aikina suna so mu yi hayar kyamara ta biyu da jirgi maras matuƙi. Me ya kamata mu tanada, me za mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'a. Ki bar maganar kyamara ta biyu, ki bar maganar jirgin nan. Shi jirgin ma, a Najeriya tashinsa a hukumance sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma fim ɗin minti 8 ba zai rasa komai ba don babu hoton rufin gidaje daga sama. Kuɗin ki kai su ga sauti, da wuta, da ma'ajiyar hoto.

Amma kafin ki rubuta ko da batir ɗaya a takarda, ki je ƙauyen. Ki tafi da darakta da mai ɗaukar hoto, a irin ranar da za ku yi aikin, a irin lokacin. Ki tsaya a tsakar gidan da za a yi sin, wato fitowa ɗaya ta cikin fim, ki rufe ido na minti biyu, ki saurara. Na taɓa kai ɗalibai wani gida da muka duba ranar Juma'a da yamma, tsit kamar ba kowa. Da muka dawo da kaya safiyar Litinin, ashe akwai injin niƙa a bayan katangar, yana tashi tun ƙarfe takwas. Rabin yini muka yi asara. Ki tambaya yaushe ake tashin makarantar allo da ta boko, wace rana kasuwa take ci, ina lasifikar masallaci ta fuskanta, ko akwai wutar NEPA, ina rana take faɗowa da safe. Amsoshin nan su za su rubuta miki jerin kayanki, ba mai shagon haya ba.

A wannan zuwan ki gaida dagaci ko mai unguwa, da takardar sashenku a hannu, a kuma nemi yardar mai gida a rubuce. Tunda a jihar Kano ne, ki sa malaminku ya tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai, wadda take aiki tun 2001, a ji abin da ake buƙata daga ɗalibai. In labarin yana da bindigar wasa ko kakin jami'in tsaro, lallai a sanar da 'yan sandan yankin tun da wuri.

Yanzu sauti, inda nake so ki fi zuba ido. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da jaruma ta ce ba, ya tashi. Makirfon da ke jikin kyamara ba na ɗaukar magana ba ne. Ki yi hayar makirfo mai tsini na kan sanda, wanda ake kira bum, tare da rigarsa mai gashi ta tare iska, da ƙaramar na'urar naɗar sauti a saita ta kan 48 kHz, da hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya. Ki ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai saurare, ki ba shi ikon ya ce a tsaya. Bakin bum ya kasance kamar kamu biyu daga bakin mai magana, daga sama, a wajen abin da kyamara take gani. In kuɗi ya ragu, ki ƙara ɗan makirfon maƙalawa a riga guda biyu, amma ki sani shadda mai sitaci da gyale suna gogarsa su yi ƙara. Bayan kowane sin, kowa ya yi shiru a naɗi sautin wurin na minti ɗaya. Edita zai yi miki addu'a. Tunda sauti daban hoto daban ake ɗauka, a riƙa buga allon fim mai ƙara a gaban kyamara kafin kowace ɗauka, don edita ya daidaita sautin da hoton. In babu allo, tafi ɗaya da hannu ya wadatar.

Sai wuta. Ki ɗauka babu ita a ƙauyen ko da kin ga waya a kan turke. Ƙananan kyamarorin da sassa suke bayarwa, batirinsu da wuya ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana ɗaukar bidiyo, tsohon batir kuwa bai kai haka ba. Kada ki yarda da abin da aka faɗa miki a sito: ki caja shi, ki kunna kyamara ta yi ta ɗauka har ta mutu, ki duba agogo. Da wannan lissafin za ki san ko huɗu kuke buƙata ko shida. Ki liƙa wa kowanne lamba, a ware jaka biyu, ta cikakku da ta waɗanda suka ƙare. Kada a manta da batir AA na na'urar sauti, shi ne abin da aka fi mantawa. In dole sai janareta, to a nemi waya mai tsawon mita 40 ko 50 don a kai shi bayan gini, a sayi mai tun daga gari. Ni dai shawarata fitilun LED biyu masu batir, janareta kuma a bar shi don caji lokacin hutu. Wutarmu 50 Hz ce, don haka a saita kyamara kan firam 25 a daƙiƙa (hoto 25 ke nan), shata, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, 1/50, in ba haka ba za ki ga hoto yana ƙyafta ido a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Katin memori lissafi ne mai sauƙi. In kyamarar tana ɗaukar babban hoto na 4K a nauyin 100 Mbps, awa ɗaya tana cin kusan 45 GB, wato kati mai 64 GB zai ba ki kamar minti 80. Fim ɗin minti 8 a hannun ɗalibai yana iya cin awa biyu ko uku na ɗauka. Kati uku masu alamar sauri ta V30, a goge su a cikin kyamarar da kanta. Ki yi hattara da katin jabu a kasuwa, ki gwada shi har ya cika kafin tafiya. Kowane dare a kwafe komai wuri biyu, laftof da wani hard disk daban, wato ma'ajiyar fayil ta waje, a buɗe fayilolin a gani da ido, sannan mutane biyu daban su riƙe su. In babu wanda ya ce lallai sai 4K, ku ɗauka a 1080 wanda bai kai shi nauyi ba, kwamfutar edita ma ta huta.

Afrilu a Kano zafi yana haura digiri 40. Rana tsaka ba ta yi wa fuska kyau ba, ido ya shige duhu, goshi ya yi ta ƙyalli. Ku sa sin ɗin waje daga ƙarfe bakwai zuwa tara da rabi na safe, sai kuma bayan La'asar zuwa wajen shida da kwata. Tsakiyar rana a shiga ɗaki ko zaure. Ki nemi gilashin ND na rage haske daidai bakin lens ɗinku. Abin mayar da haske ba sai an yi haya ba: farin kwali babba, gefe guda a liƙa masa takardar azurfa ta naɗe abinci. Farin zanin gado da mutum biyu suka ɗaga yana tausasa rana a kan fuska. Lema ɗaya ta kyamara ce kawai, don kyamara tana kashe kanta in ta yi zafi. Kada a bar batir cikin rufaffiyar mota, kuma lens a canza shi a ɗaki saboda ƙura.

Ragowar kayan ba su da tsada amma rashinsu yana tsayar da aiki: salatif mai ƙarfi, maka ta rubutu, almakashi, sukundireba, allura da zare, fil, tocila, kwafin labari ga kowa. Kayan sawa da kayan wasa a zuba su jaka-jaka bisa lambar sin, mai kula da kwantiniti, wato kada shiga ta canza tsakanin ɗauka da ɗauka, ta ɗauki hoton kowane jarumi a waya, har ɗaurin ɗankwali da hannun da agogo yake.

Mutanenki ma kaya ne a wuyanki. Jakar fiya wata leda 20 ce, lita 10; mutum goma sha biyu a wannan zafin, ki lissafa jaka biyar a rana. Ki yi magana da mai dafa abinci a ƙauyen tun zuwan farko, ki sa lokacin salla cikin jadawali, a tafi da tabarma da buta, da akwatin taimakon gaggawa mai ORS da filasta da farasitamol.

Daren jajibiri ku haɗa komai kamar a lokeshan kuke: a ɗora kyamara kan ƙafarta, a tabbatar farantin da ke ɗaure ta yana nan, a jona makirfo, a ɗauki minti biyu, a kai kwamfuta a kalla a saurara. Sannan a rubuta kowane abu da sunan wanda zai riƙe shi, kwafi ɗaya a hannunki. Da wannan takardar za ki ƙirga kaya kafin mota ta tashi daga Kano, da ita kuma za ki sake ƙirgawa kafin magariba ta rufa a ƙauyen, tun ana iya ganin murfin lens in ya faɗi a yashi.