Salmonela a gona: amsoshi ga masu kaji, masu lambu da masu riɗi

Wata Hajiya mai kajin ƙwai a Zariya ta tambaya: "Kajina lafiyarsu ƙalau, suna ci suna ƙwai, amma mai shayin da nake kai wa ya ce waɗansu da suka ci sun yi gudawa. Kaza mai lafiya tana ba da cuta?"

Tana bayarwa, Hajiya. Salmonela, ƙwayar cutar da ke kawo irin wannan gudawa, ta haura iri 2,500. Biyu ne aka fi sani da kwantar da kaji: Pullorum, mai farin kashi da ke manne wa 'yan tsaki a dubura, da Gallinarum, wato taifot ɗin kaji. Waɗannan mai kiwo yana ganin ɓarnarsu da idonsa, kuma da wuya su kama mutum. Masu kama mutane, irin su Enteritidis da Typhimurium, a hanjin kaza suke zama ba tare da ta ko sunkuyar da kai ba. Enteritidis har mahaifar ƙwai take shiga, sai ƙwan ya fito da ita a ciki alhali ɓawonsa fes.

Amma kada ki yanke wa kajinki hukunci tukuna. Ciwon yana tashi ne tsakanin awa 6 zuwa 72 bayan an ci abin, mutane kuwa kan ɗora laifi ga abin da suka ci na ƙarshe. Gwaji ne zai raba gardama. Likitan dabbobi ya ɗebi kashi da shimfiɗa daga kusurwoyi daban-daban na kowane ɗaki, da ƙurar bango, da abinci, da ruwan sha, a kai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da ke, ko cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato.

Kafin sakamako ya fito, fara da ɓera, domin shi ne ke riƙe cutar a gona ko an sayar da kaji an wanke ɗaki. Toshe ramuka, sa tarko da guba a akwatin da kaza ba ta kaiwa, ɗora buhunan abinci kan katako nesa da bango. Ƙadangaru da tsuntsaye ma suna ɗauke da ita, don haka a gyara ragar da ta yage. Garin kifi da garin ƙashi da na jini su ne suka fi shigo da ita cikin abinci, kada a sayi mai danshi ko wanda aka shanya a ƙasa. A riƙa kwashe ƙwai sau uku a rana, fasasshe da mai tsaga kada su shiga kiret ɗin sayarwa. In an fitar da garke, a kwashe shimfiɗa duka, a wanke da sabulu kafin a fesa magani (magani ba ya ratsa busasshen kashi), a bar ɗakin fayau mako biyu. Shi kuma mai shayi ya soya ƙwai har gwaiduwa ta daskare, ya daina barin kaɗaɗɗen ƙwai a kofi yana jiran mai saye.

Wani mai kajin nama daga Katsina ya ce: "In na zuba musu antibayotik a ruwa kwana biyar, ba shi ke nan ba?"

A'a, Malam. Magani yana rage mace-mace in taifot ɗin kaji ne, amma ba ya share cutar daga hanji. Ana dainawa kazar ta ci gaba da zubar da ita a kashi, kuma ƙwayar cutar da ta tsira ita ce wadda ba ta jin maganin. Gobe in ta kama yaro, likita ya rasa da me zai yi masa magani. Rigakafin taifot ɗin kaji, wanda Vom ke yi, ya fi maka amfani, tare da sayen 'yan tsaki daga inda ake gwada iyayensu. Wajen yanka, fashewar hanji ce ke watsa kashi kan nama, sai ruwan figa guda da ake tsoma kaji da yawa a ciki. Firiza ba ta kashe salmonela, wuta ce ke kashe ta: tsakiyar naman ya kai digiri 74 na Salshiyos.

Wata tambayar kuma: "Ƙwai mai kashi a jiki, in wanke?"

Kada a tsoma shi a ruwan sanyi. Ɓawo yana da ƙananan ƙofofi, in ƙwan ya huce cikin ruwa sai ya zuƙo dattin ciki, ga wankin yana cire siririn rufin da ke kare shi. A kankare da busasshen soso. Wanda ya ɓaci sosai a ware a dafa shi a ranar.

Mai lambu a gefen Kano yana zuba ɗanyen takin kaji ga latas da karas, yana tambaya ko rana tana kashe cutar.

Ta saman kawai take kashewa. Ƙa'idar noman gargajiya marar sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas kuwa bai kai wata biyu a kwami ba, ka ga lissafin bai fita. Tara takin tsibi, jiƙa shi daidai yadda in ka matsa ba zai ɗiga ba, cikinsa ya riƙe digiri 55 har kwana 15 kana juyawa sau biyar, don na gefe ma ya shiga tsakiya. In ruwan kwata irin na Jakara ne kaɗai kake da shi, kora shi ta gindin shuka kada ya taɓa ganye, kuma kada ka wanke kayan kasuwa da shi. Ganyen da ake ci ɗanye shi ya fi cutar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu sikila, waɗanda cutar kan shiga musu jini har ta zauna a ƙashi.

Daga Jigawa, mai noman riɗi: "Dillali ya ce Turawa na mayar da riɗinmu saboda salmonela. Busasshen abu ma?"

Gaskiya ya faɗa maka. A busasshen abu ba ta hayayyafa, amma tana yin watanni a raye, man da ke cikinsa kuma yana kare ta daga zafi da ruwan ciki. A 2008 zuwa 2009 tunkuzar gyaɗa ta kamfanin Peanut Corporation of America ta kwantar da mutum fiye da 700 a Amurka, 9 suka rasu, shugaban kamfanin aka ɗaure shi shekara 28 a 2015. Riɗin Najeriya da na Sudan suna cikin kayan da Tarayyar Turai ke tsananta wa bincike, kuma sharaɗin shi ne kada a sami ko ɗaya cikin giram 25 na samfur. Kashin tsuntsu kaɗan ya isa a juyo da kwantena.

Galibi bayan yanka ne cutar ke shiga. Jingina dammuna a wurin da awaki da kaji ba sa zuwa. Kakkaɓe su kan tamfol mai tsabta, ba a dandaɓar ƙasa ko gefen kwalta ba, kuma kada a hau tamfol da takalmi. Buhu sabo, ba wanda aka taɓa zuba abincin kaji ko taki ba. A sito, buhuna su hau katako, a rufe tagogi da raga, a gyara yoyon rufi kafin damina, domin inda riɗi ya jiƙe nan cutar ke farfaɗowa ta yawaita. Buhun da ɓera ya fasa a ware shi, kada a juye shi cikin sauran don cika awo.